Hitar kan tirela tana fitar da farin hayaƙi, ta ƙi kamawa

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum iyayen gida. DAF ce 'yar Beljiyam, ta zo da hitar Webasto Air Top 2000 a ƙarƙashin gadon direba, mai shan gas daga tankin mota. Tun sanyin bara ba a taɓa ta ba. Yanzu hunturu ya sauka, kwana a Jibiya sai a hankali. Idan na kunna, fanka na juyawa, famfo na yin ƙas-ƙas, sai farin hayaƙi mai warin gas ya turnuƙe ƙarƙashin mota, ta sake gwadawa, ta mutu. Fitilar makunni tana ƙyaftawa da sauri sau biyar, sannan doguwa sau ɗaya. Famfo zan sayo ko fulogi, wato wanda ke yin ja ya kunna man?

Mai Waya Daura:
Wa alaikumus salam. Maigida, kada ka sayi komai tukuna. Doguwar ƙyaftawa ɗaya ita ce F01, wato ta gwada sau biyu wuta ba ta kama ba. Da fulogi ne ya yanke, tara za ka ƙirga. Da wayar famfo ce, bakwai. Batir kuma uku. Farin hayaƙin nan shi ne shaidarka cewa mai yana isowa, ƙonewa ce ba ya yi. Saboda haka ka ƙyale famfo.

Ka daina maimaita kunnawa. Kowane gwaji ƙara jiƙa cikinta yake da mai, kuma idan ya yi yawa ƙwaƙwalwarta za ta kulle kanta.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Shiga ƙarƙashi ka cire bututun shan iska da na hayaƙi, ka busa. Hitar da ta yi wata goma a kwance, sau da yawa zanzaro ya gina ɗaki a bakin bututun, ko ƙurar hanya ta haɗu da laka ta toshe shi. Ka duba ko salansa ta loma, ko ruwa ya kwanta a inda bututun ya lanƙwashe. Sannan sa mita a soket ɗin wayar hitar kanta, ba a kan batir ba, daidai lokacin da take tashi. Fulogi na jan wuta sosai a minti na farko. Idan ka ga tana gangarowa wajen volt 21, nemi tsatsa a gidan fiyus da wayar as.

Bakaniken Batagarawa:
Oga Mai Waya ya faɗi gaskiya, amma ni a ganina sai an buɗe ta. Hayaƙi irin wannan yawanci kunkunniya ce ta daskare a kan ragar da mai ke zuba a kanta. Ragar nan ita ke shanye man ta baza shi ya zama tururi a gefen fulogi. In ta toshe, man sai ya riƙa ɗiga kawai, fulogi ya yi ja a banza.

Cire kan batir, sauke hitar, zare rigar roba, kwance fanka, sannan ka fito da murhun. Kankare cikin tukunyar, wato ƙarfen da wutar ke ci a cikinsa, da buroshin waya har ka ga farin ƙarfe. Ragar kuwa idan ta ƙone ko ta zama kamar gawayi, wanki ba ya mayar da ita, a Webasto murhun ake sauyawa gaba ɗaya. Fulogin yana da gautsi kamar tangaran, a goge shi da tsumma kawai, kuma kada yaron shago ya ɗora shi kai tsaye a kan batir wai gwaji, ƙonewa zai yi. Gaskit guda biyu da ke ciki sababbi ake sawa, ba a shafa gam.

Tsohon man da ya kwana a siririn tiyo ma a zubar da shi, a duba 'yar matatar mai idan akwai ta. Famfon ya kasance bakin fitarsa na kallon sama kaɗan, don kumfar iska ta wuce.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah Ya saka. An samu gidan zanzaro kuwa, mun fasa, ta kama amma hayaƙin bai ɗauke duka ba. Wani ya ce in zuba kananzir, yaya abin yake?

Mai Waya Daura:
Ba a tankin mota ba dai. Sa tiyon famfo a cikin galan mai lita ɗaya na kananzir mai tsabta, ka murɗa ta zuwa ƙarshe, ta ci kamar awa guda. Yana ƙone kunkunniya mai sauƙi. In bayan haka tana hayaƙi, to maganar Malam Bakanike ce, a buɗe. Fetur kuwa ko ɗigo.

Idan ta daidaita, ba ta wuce kwatan lita a awa ko a ƙarshen ƙarfinta, daren awa takwas bai kai lita biyu ba. Ka riƙa kashe ta da makunninta, ka bar fanka ta gama huce ta kafin ka cire wutar mota. Ko a watan Afrilu a kunna ta minti 10 duk wata.

Abu ɗaya da ba wasa: in ka ji warin hayaƙi a iskar da take busowa cikin kan motar, kashe ta nan take, tukunyar ta tsage ko gaskit ya saki. Kamfanin ma cewa ya yi a sauya tukunyar bayan shekara 10, don haka duba shekarar da ke jikin lambarta. Kuma kafin a gyara, bargo biyu za ka ƙara. Kaskon gawayi a cikin kai da gilashi a rufe kisa yake yi cikin barci.