Shin ya dace in cire ɗana daga makaranta ya riƙa koyo bisa sha'awarsa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Muna zaune a Landan, kuma ina da yaro ɗan shekara 8 wanda duk safiyar Litinin sai ya ce cikinsa na ciwo, alhali ranar Asabar yakan wuni yana kwance tsohuwar rediyon mahaifinsa yana jera ƙusoshinta a kan faranti ba tare da ya tuna da abinci ba. Wata maƙwabciyarmu Baturiya ba ta kai 'ya'yanta makaranta, kuma a gidan ma babu manhaja, babu jadawalin darussa. Abin da yaro ya nuna sha'awa a kai shi ake bi da shi. Hankalina ya fara karkata ga wannan hanya, amma maigida ya ce sam. Shin doka ta yarda, kuma me zai faru idan muka koma Najeriya?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A Ingila doka ta yarda. Sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa yaro yana samun cikakken ilimin da ya dace da shekarunsa da basirarsa, ko dai ta hanyar zuwa makaranta ko ta wata hanya dabam. Wasiƙa za ki rubuta wa shugaban makarantar a cire sunansa daga rajista, kuma ba a tilasta miki bin manhajar ƙasa ba, sai dai ƙaramar hukuma tana iya tuntuɓarki, idan kuma ba ta gamsu ba tana da ikon ba da umarnin a mayar da shi aji. Abin da mutane ke mantawa shi ne jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare: ku za ku nemo cibiyar da za ta karɓe shi, ku biya kuɗin kowane darasi. Kada kuma a ɗauka haka abin yake a duk Turai, domin Jamus ta haramta karatun gida, Faransa kuwa tun 2022 sai an nemi izini.

Dattijo daga Kano:
'Yata, na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, don haka ba zan musanta cewa aji yana kashe wa wasu yara zuciya ba. Wanda ya yaɗa wannan ra'ayi na barin yaro ya koya bisa sha'awarsa, John Holt, shi ma malamin firamare ne a Amurka, kuma bayan ya yanke ƙauna daga gyaran makarantu ya kafa mujalla a 1977 domin iyayen da ke karantar da yara a gida. Hujjarsa ita ce yaro ya koyi tafiya da magana ba tare da an yi masa jarrabawa ba, saboda haka tsoro ne ke hana shi koyon sauran abubuwa.

Akwai gaskiya a ciki, kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A makarantar allo kowane yaro yana kan karatunsa, ba a wanke masa allo sai ya riƙe abin da ke kai, kuma ba a cewa ya faɗi don ɗan'uwansa ya riga shi zuwa izu na gaba. Ɗan maƙeri ma da zuga yake farawa yana kallon hannun ubansa. To amma a duka biyun akwai babba a zaune wanda ya san inda aka dosa, kuma shi ke cewa yau za a ƙara ko ba za a ƙara ba. Wannan ne inda na rabu da masu cewa a sakar wa yaro mara gaba ɗaya.

Game da dawowa gida, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatun farko. Ɗanki yana iya zana WAEC ko NECO a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, amma jami'a za ta nemi kiredit biyar, da Ingilishi da lissafi a ciki, sannan ga JAMB.

Mai Karantar da Nata:
Yaya, shekarata uku ke nan ina yi da 'yata, kuma abin da ba a faɗa a fili shi ne aikin uwa ninkuwa yake yi. Sai da na ajiye aikina. Ta fahimci rabi da rubu'i da sulusi a kicin ranar da muka rage ma'aunin fulawar cincin saboda baƙin da muke jira sun fasa zuwa, abin da ta yi wata guda tana kuka a kansa a makaranta. Rubutu kuwa ya tsaya cik kusan shekara ɗaya, domin ba ta taɓa nemansa da kanta ba, har sai da na ware lokaci bayan sallar asuba na haddar Alƙur'ani da rabin awa na rubutu, tana so ko ba ta so. Masu tsantsar wannan ra'ayi za su ce na saɓa ƙa'ida, kuma na amince da hakan. Amma kafin komai, ki binciki ciwon cikin nan na Litinin, domin yana yiwuwa wani yaro ne ke cin zalinsa, ko kuma karatun allon bango ke ba shi wahala saboda ido.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Baba da sauran 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na zaunar da shi jiya da dare, sai ya ce ranar Litinin ake sa kowa ya tashi ya karanta a gaban aji, shi kuma harshensa yana sarƙewa, yara suna dariya. Zan ga malamarsa a makon nan. Ni da maigida mun tsayar da shawara mu gwada hanyar a hutun ƙarshen shekara na mako shida, kuma ya yi alkawarin samo masa wata rediyon, domin waccan ba ta haɗu ba har yanzu.