Jirgin yaƙi mai kwamfuta, a dogara da shi ko a'a?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Ni fa har yanzu ina kan bakana, jirgin ruwan yaƙin da aka damƙa wa kwamfuta komai ba abin dogaro ba ne. Shekara ashirin ina kanikanci, fijo 504 ko a dajin Falgore ta mutu min da sufana da filaya zan tada ta, amma motar yanzu in ƙwaƙwalwarta ta ɗauke sai dai ka zauna jiran mai na'ura ya zo ya jona, to ina ga jirgi a tsakiyar teku kuma ana harbinsa

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Haba Baban Ummi, jirgin yaƙi ai ba tasi ba ne. Makami mai linzami in ya taso yana shafar saman ruwa 'yan daƙiƙu gare ka, wane ɗan Adam ne zai hango ya auna ya harba? A Disambar 2023 a Bahar Maliya jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Carney ya kakkaɓo jirage marasa matuƙi 14 na 'yan Huthi a rana guda. Da sufana zai yi wannan?

Baban Ummi: To ba ni amsar Yorktown. 1997, wani ma'aikaci ya buga sifili a gurbin da bai kamata ba, kwamfutocin jirgin suka rikice gaba ɗaya, inji ya tsaya, ƙaton jirgin Amurka yana shawagi a gabar Bajiniya kusan awa uku kamar kwale-kwalen da aka ƙwace wa filafili. Sifili ɗaya fa!

Injiniya: Wannan gwaji ake yi lokacin, kuma tsohuwar manhajar Windows NT ce a kwamfutocin. Ka je ka tono labarin da ya kusa shekara talatin

Maman Sadik: Injiniya yi haƙuri in shigo, ga na kusa. Agustan 2017 USS John S. McCain ya yi karo da tankar Alnic MC kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu. Matuƙin yana fama da sitiyari da totur lokaci guda, kwamanda ya ce a mayar da totur hannun na kusa da shi, a kan allon taɓawa sai aka tura har da sitiyarin ba wanda ya lura, shi yana ta ihu sitiyari ya mutu alhali yana nan lafiya a ɗaya kujerar, farfela ɗaya ta rage gudu ɗayar ba ta rage ba, jirgi ya karkata hagu ya shiga gaban tanka. Bayan bincike sojojin ruwan Amurka da kansu suka ce za su dawo da totur na hannu

Baban Ummi: Allah ya biya ki Hajiya. Sun koma fijo kenan 😂

Injiniya: Rahoton ya ambaci rashin horo da rashin barci ma Hajiya, kar a ɗauki rabi a bar rabi

Kawu: Ku saurara yara. Injiniya na da gaskiya ta wani ɓangaren. 1988 jirgin ruwan yaƙin Amurka Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran, rai 290. Na'urar Aegis, kwamfutar da ke sarrafa radar da makaman Vincennes, ta rubuta daidai cewa jirgin fasinjan hawa sama yake yi, mutanen da ke gaban allon ne tsoro ya sa suka ce saukowa yake zai kawo hari. Nan wa ya yi ƙarya? Ni abin da ke damuna daban ne, rage ma'aikata da ake yi da sunan kwamfuta za ta riƙe. A 1988 ɗin dai jirgin yaƙin Samuel B. Roberts ya taka nakiya a Tekun Fasha, ƙashin bayansa ya karye, ga wuta ga ruwa, samari suka yi ta kashe gobara suna toshe ɓaraka har da ɗaure jirgin da wayoyin ƙarfe don kar ya rabe biyu, kuma bai nutse ba. Hannaye ne suka yi wannan

Ɗan Auta: Kawu ranka ya daɗe ai yanzu akwai na'urar kashe gobara mai aiki da kanta

Kawu: Idan wutar lantarkin ce ta fara tafiya fa ɗana? Zumwalt, jirgin yaƙi na zamani mai dogaro da kwamfuta, mutum wajen 150 yake ɗauka, tsohon samfurin Arleigh Burke da bai kai shi girma ba sama da 300. Cire waɗanda suka jikkata a harin farko, cire masu gadi a gaban allo, nawa suka rage su ja tiyo?

Maman Sadik: Kuma Zumwalt ɗin 32 aka ce za a ƙera, 3 aka yi. Na farkon ma a mashigin Panama ya lalace a 2016 sai janyo shi aka yi

Injiniya: Shi Zumwalt da LCS ɗin da ake ta zagi, ƙananan jiragen yaƙin bakin gaɓa, duk matsalar ƙarfe ce, giya da shaf, aikin su Baban Ummi kenan ba namu ba 😅 Amma maganar Kawu na yarda, LCS da mutum 40 aka tsara shi, aiki ya kusa kashe su dole aka ƙara

Baban Ummi: Au yanzu kuma mu aka dawo wa? Bari in sallami mai Corolla ɗin nan, fitilar inji ce ta kama masa tun Zariya, ina dawowa kanka Injiniya