Ina rubuta labarin lauyan ƙaramin gari, na maƙale a kotu

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta labarin wani matashin lauya a ƙaramin gari, ofishinsa shago ɗaya kusa da tasha. Ya karɓi shari'ar manomin da ake zargi da kashe maƙwabcinsa a rikicin iyakar gona, alhali gari ya riga ya yanke masa hukunci. Na kai babi na tara, ranar shiga kotu, sai alƙalamina ya tsaya cak. Na tsara lauyan ya yi wa mutum goma sha biyu masu yanke hukunci jawabi, a saki manomin a ranar. Haka ake yi a nan Najeriya?

Barista: Wa alaikumus salam ƙanwata. Cire mutum goma sha biyun nan, tsarin Amurka da Ingila ne. A nan alƙali shi kaɗai ke saurare ya yanke. Kuma kotun majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa. Tura manomin gidan yari za ta yi, a jira shawarar ma'aikatar shari'a, sannan a gurfanar da shi a Babbar Kotun Jiha ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifi na Arewacin Najeriya. Ko ya ce "na aikata", alƙali zai rubuta bai amsa laifi ba, tunda hukuncin kisa ne. Beli kuwa, da wuya.

Maman Biyu: Don Allah kar ki gama shari'ar a rana ɗaya. Yayana ya yi shekara uku yana jiran shari'a. Duk zaman kotu sai mahaifiyarmu ta ɗaure kular tuwo a ɗankwali mu hau mota tun asuba, mu isa a ce mai shaida bai zo ba, an ɗage. Ta dawo ba ta cewa uffan har gida. Wannan jiran ki rubuta, shi ke cin mutum.

Barista: Ga makamin lauyanki: takardar amsa laifi da aka rubuta a ofishin 'yan sanda. In ya ce tilasta wa manomin aka yi, dole a dakata a yi ƙaramar shari'a cikin shari'ar kan takardar kaɗai.

Mai tambaya: Allah ya saka, Barista. Anti, kin sa ni hawaye. Matar manomin ce za ta riƙa ɗaukar kular nan, daga babi na tara har ƙarshe.