Ina ake kai giwa idan ta bar gidan zu? Neman Hausar "sanctuary"

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalma ce ta maƙale mini tun daren Juma'a, na ce bari in kawo ta nan mu taru mu ciro ta. Akwai wani ɗan Pakistan da muke aiki tare a nan Jidda, muna shan shayi bayan an tashi daga aiki sai ya ba ni labarin wani toron giwa, Kaavan. Sri Lanka ce ta ba ƙasarsu kyautarsa a 1985 yana ɗan ƙarami, aka ajiye shi a gidan zu na Islamabad, ya shekara 35 a wurin. Abokiyar zamansa ta mutu a 2012, ya rage shi kaɗai, ba abin da yake yi sai tsayuwa wuri ɗaya yana kaɗa kai. A 2020 kotu ta ce a fitar da shi, ƙarshen Nuwamba aka sa shi a jirgin sama sai Kambodiya.

2/ Na dawo gida ina ba Inna labari, tana ta "Allah sarki". Sai ta ce, "To daji aka sake shi?" Na ce a'a. "Wani zu ɗin aka mayar da shi?" Na ce shi ma a'a. "To ina aka kai bawan Allah?" Nan na yi turus. Turawa na cewa "sanctuary", Larabawa na rubuta malaz ko mahmiyya. Inna ba ta jin Turanci, Larabcinta kuma na cinikin kasuwar Bab Sharif ne. Da na ce mata malaz ma da na ɓata, don gidan zu na Riyad a unguwar Malaz yake. A rubuce kalmomin biyu daban ne, a bakin Bahaushe kuwa duk ɗaya.

3/ Kafin mu raɗa suna, sai mun san jaririn. Masu gidajen zu suna cewa suna ajiye giwa ne don mutane su gan ta ido da ido, yara su koya, a kuma hayayyafa irin kada ya ƙare. Suna da ƙa'idoji. Ƙungiyar gidajen zu ta Amurka, misali, ta ce kada a ajiye mata ƙasa da 3, kuma kowace giwa ta samu fili a waje da bai gaza murabba'in mita 500 ba. Ku auna da filin ƙwallo, wanda ke da kusan 7,000. Dabbar da a daji take cin awa 16 a rana tana tafe tana kiwo, ta cinye kilo 150 na ciyawa da ganye, cikin garken 'yan uwa mata da kaka ke ja. Ka tsayar da wannan nauyin a kan siminti shekara da shekaru, ƙafa ce ke fara tafiya: farce ya tsage, tafin ya ruɓe, gaɓoɓi su sandare. Giwa a garin wani zomo ce, amma wannan ko tsallen zomon ba ta samu ba.

4/ Wani bincike da aka buga a 2008 ya gano cewa giwayen Afirka mata da aka haifa a gidajen zu na Turai, rabinsu ba sa wuce shekara 17, alhali na dajin Amboseli a Kenya, idan ba mutum ne ya kashe su ba, rabinsu suna kaiwa 56. Don adalci, masu zu sun ce alƙaluman sun haɗa da tsohon zamani tun daga 1960, kuma an gyara da yawa. Na yarda an gyara. Sai dai hujjar hayayyafa ce ba ta shige ni ba, don da wuya ka ji an ɗauki giwar da aka haifa a zu an mayar da ita daji. Wasu ma sun haƙura da kansu: zu na Landan ya kwashe giwayensa zuwa karkara a 2001, na Detroit ya tura nasa biyu Kalifoniya a 2005, Indiya ta ba da umarnin fitar da su daga zu a 2009.

5/ To wurin da muke nema wa suna shi ne irin na Tenesi a Amurka, wanda aka buɗe a 1995, filinsa ya haura eka 2,700. Akwai shinge, akwai masu ba da abinci da likita, don waɗannan giwaye ba za su iya rayuwar daji ba. Amma ba a saye, ba a sayarwa, ba a haɗa su don su haihu, ba a hawa, ba a sa su wasa. Na Tenesi ma ba a shiga kallo, sai ta kyamara a intanet.

6/ Na gode da amsoshi, ga abin da ya taru. Mafaka ita ta fi yawan masu goyon baya, ita ce ma fassarar malaz kai tsaye. Matsalata da ita: mafaka ta ruwan sama ce, ana ɗaukewa ka kama gabanka, shi kuwa Kaavan can zai ƙare kwanansa. Gandun daji kuma yana da mai shi, Yankari ke nan, inda giwa ke ciyar da kanta, shi ne mahmiyya irin ta Mahazat as-Said da ke gabashin Ɗa'if. Wani ƙanena ya ce gidan ritayar giwaye, na yi dariya har na ƙware, kuma ba laifi, sai dai ba duka ne tsofaffi ba. Gidan marayu na 'ya'yan da aka kashe uwayensu ne, abu daban. Wanda ya ce tudun mun tsira, Allah ya shirye ka.

7/ Kawuna da ke Makka ne ya kira ni bayan isha'i. Ya ce, "Kai ɗan nan, kana ta yawo da fitila, abin yana gindin gadonka. Hurumi." Ya ce a garinsu can gida, hurumi fili ne da mai gari ya keɓe a bayan gari, ba mai noma shi, ba mai gini, ba mai cewa nasa ne, na dabbobi ne su yi kiwo. Na ce, "Kawu, ai kuwa malaminmu na Islamiyya da hurumi ya fassara mana kalmar Larabci hima a hadisin makiyayin da ke kiwo a gefen hurumin sarki." Ya ce to ka gani. Kuma abin yana da tushe a ƙasar nan da muke zaune: Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza.

Abin da ya sa kalmar ta zauna mini shi ne, duk sauran suna faɗin abin da dabba ta samu, inuwa ko hutu. Hurumi kuwa tana faɗin abin da aka hana mutum. Ku sake duba sharuɗɗan da na lissafa a sama, duk "ba a" ne. Tsarin zu yana farawa ne daga mai tikiti, inda zai tsaya, abin da zai hango, sannan a nema wa giwa sauƙi a ciki. A hurumi hannun mutum ake fara ɗaurewa. Mu da muka tashi muna ganin tantabarun Harami suna yawo tsakanin ƙafafun mutane ba mai ko razana su, ba ma buƙatar dogon bayani.

8/ Akwai masu ja. Wata Hajiya ta ce a wajensu hurumi maƙabarta ce, in ka ce an kai giwa hurumi sai a yi maka ta'aziyya. Gaskiyarta, shi ya sa ba za mu bar kalmar tsirara ba, sai mu ce hurumin giwaye. Wani ya ce masu sauraron labarai sun fi saninta a "kotu ba ta da hurumin sauraron ƙarar". Wannan bai dame ni ba, duk maganar iyaka ce da wanda ke da iko a cikinta. Wani malami kuma ya ce kada a kusanta ta da Harami, ya ƙara da cewa giwa da Harami ba su taɓa jituwa ba, ta Abraha ma durƙushewa ta yi. Allah ya gafarta Malam, wannan na karɓa, misali kawai na buga.

Jan da ya fi nauyi shi ne na wata 'yar uwa da ta je Tailan. Ta ce can wurare da yawa sun rubuta "sanctuary" a ƙofa, ka shiga ka tarar ana hawan giwa ana ɗaukar hoto. To a nan Hausar ta fi Turancin taurin kai. Filin da aka shiga aka noma ya tashi daga hurumi, kowa ya sani. Wurin da ake hawan giwa da kuɗi, ko me suka rubuta, mu gidan kallo za mu ce.

9/ Na tsaya a kan hurumin giwaye, in na zakuna ne hurumin zakuna, gaba ɗaya kuma hurumin dabbobi. Ɗazu na gwada a wajen Inna, na ce an kai shi hurumin giwaye ne a Kambodiya. Ba ta ce mene ne shi ba. Ta ce, "Af, to madalla. Ya samu 'yan uwa a can?" Na ce akwai mata a wurin. Ta ce, "Shi ke nan," ta ci gaba da tsince shinkafarta.