Kuɗin mai ya cinye ribar shagon cajina, in sayar ko in canza salo?

Mai Cajin Bakin Tasha:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da shagon cajin waya a bakin tashar garinmu, da ƙaramin janareta Tiger nake aiki. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba, da shagon nan nake riƙe iyali har in zuba adashi. Daga nan ta haura 500, aka wayi gari ta taɓa dubu. Na ƙara kuɗin caji, mutane suka ja baya, ga samarin yanzu kowa da pawa bank a aljihu. Wata rana in na cire kuɗin fetur da baƙin mai, abin da ya rage ko cefane ba ya yi. Wani ya taya janaretan da allunan soket, ƙanina kuma yana ta kirana in same shi Abuja aikin gini. Maiɗakina ta ce kada in saki shagon. Ni dai kaina ya ƙulle.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bi maganar maiɗakinka. Ina cikin waɗanda dokar hana acaɓa ta rutsa da su a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Dare ɗaya aka ce ba goyo a babur. Abokaina da yawa suka karyar da baburansu, don kowa sayarwa yake, masu saye suna taya yadda suka ga dama. Ni ban iya sayar da nawa ba saboda akwai sauran bashi a kansa. Da na zauna sai na lura goyon mutum aka hana, ba a hana ɗaukar kaya ba, kuma 'yan kasuwar da nake kaiwa Kwari kullum har yanzu suna da saƙon da za a kai musu tasha ko gida. Na bi su shago shago, na koma ɗaukar atamfa da shadda. Ɗaya daga cikinsu ne daga baya ya tsaya mini aka ba ni Adaidaita Sahu ina biya duk mako har ta zama tawa. Ba babur ɗin ne ya fisshe ni ba, mutanen da suka san ni ne. Kai ma kana da bakin tasha, kana da direbobi da kwandastoci da suka yarda su bar maka wayarsu su tafi. A Abuja wa ya san ka?

Mai Haɗa Sola:
Matsalarka janareta ce, ba caji ba. Waya ɗaya wutar da take ja 'yar kaɗan ce, amma injin nan ko waya biyar ka jona ko hamsin, sai ya sha mai muddin yana kunne. Koma sola. Cajin waya kuma ba dole sai da inbata ba, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta NEPA. Farantin sola, kwantirola mai daidaita cajin batir, da batir, sai allon caji mai ɗaukar wuta kai tsaye daga batir. Tunda yawancin aikinka da rana ne, ba sai ka sayi ƙaton batir ba, kuma shi ne ya fi tsada, shi ne ya fi saurin mutuwa. Kada ka sayi na hannu wanda ba a gwada a gabanka ba. Lokacin hunturu ka riƙa goge farantin da safe, ƙura tana rage wuta sosai. Janaretan kuma ka ajiye shi don ranakun hadari da damina.

Baba Na Kura:
Ku yi haƙuri in ɗan zuba ruwan sanyi. Mai ba da labari kullum wanda ya tsira ne, wanda ya nutse ba ya zuwa ya yi magana. Da Buhari ya rufe iyakoki a Agustan 2019, shinkafar waje ta yi wuya, nan wajenmu kowa ya ce dama ta samu. Masu gumi suka ƙaru, aka sayi injinan casa, wasu har da sayar da fili. An ci riba kam, ban musa ba. Amma da shanshera ta yi tsada, ga dizal ga kuɗin wuta, ka zo ka ga injinan da aka lulluɓe da tamfol. Waɗanda suka rage su ne waɗanda suka shiga da kuɗinsu a hankali. Don haka yaro, canza salo, amma kada ka ci bashin da shagon ba zai iya biya ba ko a watan da babu ciniki. Ɗauki biro ka rubuta abin da kake kashewa a mai kowane wata, ka raba kuɗin solar da shi. In ka ga zai haura shekara kafin ya mayar da kansa, rage girman abin da za ka saya.

Maman 'Yan Biyu:
Ni mamakina, kana bakin tasha ba ka da POS? Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da takardun 200 da 500 da 1,000 suka ɓace, kantina ya kusa tsayawa, POS ɗin da na karɓa don dole shi ya riƙe ni, har yau kuma bai daina kawo wani abu ba. Direbobi da yamma suna neman inda za su tura balas, fasinja da safe yana neman tsaba. Kuɗin wannan ka ba wancan, ka ci caji sau biyu ba ka taka banki ba. Ka dai kula da alat na bogi, kada ka miƙa kuɗi sai ka gani a naka asusun.

Mai Cajin Bakin Tasha:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, na yi lissafin da ka ce, in na ɗauki adashina na watan gobe zai isa faranti ɗaya da batir matsakaici ba tare da bashi ba. Na gaya wa mai tayin ya haƙura. POS sai na tara jarin juyawa tukuna. Malam Mai Sola, rufin shagona kwano ne kuma ba a kwana a wurin. Yaya kuke ɗaure farantin don kada a wayi gari an kwance shi, ko gara in riƙa shigar da shi ciki kullum da magariba?