Wani ya ce zai kai ƙanwata Turai buga ƙwallo, ku ba ni shawara

Yaya Babba, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Autarmu shekararta 16, tana aji biyar na sakandare. Tun tana ƙarama take buga ƙwallo da yaran layinmu, har Inna ta gaji da faɗa ta zuba mata ido. Yanzu ita ce lamba 7 a makarantarsu, kuma ba don ƙanwata ce ba, in ta ɗauki ƙwallo a gefe sai dai a ja mata riga. Bayan wata gasar makarantu a Kaduna wani mutum ya karɓi lambata, ya ce shi ejan ne, wato dillalin 'yan wasa, akwai kulob a Turai da ke neman yara mata. Wai mu haɗa naira 800,000 na fasfo da biza da gwaji. Tunda Baba ya rasu komai na gidan a kaina yake. Inna ba ta so, Kawu na Ƙofar Doka kuma ya ce mace da gajeren wando a gaban maza ba dai a zuri'arsu ba. Wanda ya san harkar ya faɗa min, ana cin abinci da ƙwallon mata? Kuma mutumin nan na gaskiya ne?

Tsohon Gola, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ko sisi kada ka ba shi. Dokar FIFA ta hana a ɗauki ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, in ba a wasu yanayi kaɗan ba, misali iyayensa sun koma can da zama don wani dalilin da ba ƙwallo ba. To wane kulob ne zai yi wa 'yar 16 daga Zariya rajista? Sannan kulob ɗin da ke son ɗan wasa shi ke aiko takardar gayyata. Tun 2023 kuma ejan sai ya ci jarrabawar FIFA ya samu lasisi. Ka ce ya turo maka nasa.

Dubi waɗanda suka fita ta ƙofa. Asisat Oshoala a FC Robo ta Legas ta fara, ta koma Rivers Angels, ta je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2014, ta fi kowa cin ƙwallo, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Sai a 2015 Liverpool ta ɗauke ta, Barcelona kuwa sai 2019. Rasheedat Ajibade ita ma daga Robo ta tafi ƙasar Norway, daga nan Atletico Madrid. Chiamaka Nnadozie a Rivers Angels ta tsare raga kafin Paris FC ta saye ta a 2020. Duk a lig ɗin gida aka fara ganinsu. Mu nan Arewa kulob ɗin mata ba su da yawa, wannan shi ne ciwon, amma akwai Nasarawa Amazons a Lafiya, akwai Adamawa Queens, akwai Naija Ratels a Abuja.

Malama, Samaru:
Ni maganar Kawu zan taɓa, don in bai sauko ba duk wannan lissafin banza ne. Kada ka je masa da gardama. Ka nuna masa hoton Nouhaila Benzina ta Maroko, wadda ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta da doguwar riga da dogon wando a ciki. Tun 2014 aka halatta rufe kai a fili. Ba zai amince a zama ɗaya ba, dattawanmu ne, amma aƙalla batun gajeren wando ya fita.

Abin da ni zan tsaya a kai shi ne ta gama WAEC tukuna. Deborah Abiodun daga Rivers Angels Jami'ar Pittsburgh ta tafi a Amurka, ta haɗa karatu da buga ƙwallo a can, kuma ba a shiga jami'a da iya ƙafa kawai. Ko nan ABU akwai wasannin jami'o'i na NUGA. Kuma duk inda za ta gwaji, wata babba a gidanku ta raka ta, ku ga inda yaran ke kwana da idonku.

Mai Shago, Kwangila:
Ku dai faɗa masa gaskiya kan kuɗin. Kowa na ganin 2025, da Falcons, 'yan ƙwallon mata na Najeriya, suka ci Maroko 3-2 suka ɗauki kofin Afirka na 10, Shugaba Tinubu ya yi wa kowacce alkawarin dala 100,000 da gida. Su nawa ne? Ba su kai talatin ba a ƙasa guda. Kuma a 2016 Falcons ɗin nan, bayan sun ci kofi, sai da suka ƙi fita daga otal a Abuja kan alawus ɗinsu. In na sama sun ga haka, ina ga 'yar ƙaramin kulob? Ga tsinkewar jijiyar gwiwa, wadda ta fi kama mata, kuma jinyarta kusan shekara ce. Kafin ta sa hannu a kwantiragi ka tambaya wa ke biyan kuɗin asibiti, a rubuta.

Yaya Babba, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira mutumin na tambaye shi lasisi da sunan kulob ɗin, ya ce zai turo da yamma, har yanzu shiru. Malama, hoton na wayata, Juma'a bayan masallaci zan bi ta wajen Kawu. Tsohon Gola, don Allah waɗannan na Lafiya da Abuja, ta yaya ake jin lokacin da suke buɗe gwaji?