Musayar Waƙa: Kangon Ikko Ya Zama Lambu

Ɗan Zangon Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga baitoci a kan kangaye da jujin Legas. Mai amsawa ya riƙe "wa" a ƙarshen kowane baiti.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba da ruwa kuma ya ƙara,
Shi ya tsirar da ganye da kara,
Ya yi itace ya ba shi inuwa.

Ikko gari ne mai tara,
Kwalta, siminti, ga shara,
Ɗaki ɗaya mu da yara,
Kwano ya gasu, ba barcin kowa.

Ga kango can bayan layi,
Ya zama masaukin ɓarayi,
Da an dasa itace masu tsayi,
Da yara sun sami wurin sakewa.

Broad Street a da gidan yari,
Na Turawa, tsakiyar gari,
A 2010 aka sake tsari,
Freedom Park, yau wurin hutawa.

Baban Bola na Ojota:
Wa alaikumus salam Yaya. Kafin a kira wuri kango, a leƙa a ga wa ke ciki.

Yaya waƙarka ta yi daɗi,
Amma ka bar ni ni ma in faɗi,
Jujin Olusosun mai faɗi,
Nan muke samo abin dafawa.

Ƙugiya a hannu muna duba,
Ƙarfe gefe, gefe roba,
Jar waya ita ta fi riba,
A kai sikeli, kilo ake aunawa.

Watan Maris na 2018,
Wuta ta ci, hayaƙi ya rufe Legas,
Kayan da na tara suka ƙone tas,
Gwamna Ambode ya ce sai rufewa.

Aka ce lambu za a yi a Ojota,
Ciyawa shar, wurin a huta,
Ni ma ina son tarin nan ya lafa, in huta,
Amma in an rufe, ina muke komawa?

Hajiyar Idi-Araba:
Ɗana na Ojota, tambayarka tana kan hanya, Allah ya yi maka albarka. Ga tawa damuwar.

Jikokina na ƙwallo a titi,
Gola tsakanin kwata da kanti,
Motocin danfo na wucewa duk minti,
Zuciyata kullum tana bugawa.

Lekki akwai daji an kiyaye,
Tun 1990 aka kewaye,
Hekta 78, birai da tsuntsaye,
Amma sai da tikiti ake shigewa.

Kuɗin mota ya kai na cefane,
Daga Mushin zuwa can, ku gane,
Ga kuɗin ƙofa na kowane,
Na cikin unguwa shi zai fi dacewa.

Ba fulawa a bayan waya ba,
Mai kwaɗo, wadda ba a shiga ba,
Ba ado don masu mota ba,
Benci da inuwa, ƙofa a buɗe ga kowa.

Mai Shayin Obalende:
Gaskiyarki Hajiya. Biyu kawai gare ni, ruwa na kan wuta.

Na ga Oshodi a 2009,
An share hanya an kwashe shara,
Cunkoso ya ragu, an gyara,
Masu tebur kuwa sai watsewa.

In za a shata lambu a gari,
A bar wa mai shayi ɗan wuri,
Da mai tsire, a sa mu a tsari,
Mai yawo in ya gaji yana son kurɓawa.

Malamin Gona, Oko-Oba:
Ƙanena na Ojota, ka kwantar da hankalinka ka ji. Juji ba a dasa itace a kansa kai tsaye, aiki ne na shekaru, kuma yana cin hannu da yawa.

Shara in ta ruɓe can ƙasa,
Gas take turowa zuwa bisa,
Shi ke kama wuta, shi ke sa
Saiwa ta rasa iska, sai bushewa.

Sai an danne da yumɓu tukuna,
A sa bututun gas da magudana,
A bar tudun shekaru ya zauna,
A fara da ciyawa, itace na biyowa.

Baƙin ruwan da ke tsatsa a gindi,
A tare shi kada ya shiga kududdufi mai faɗi,
In ya kai rijiya ba sauran jin daɗi,
Guba ce, yaro da babba tana kayarwa.

Wa ya san tudun nan ya ku?
Inda ke hayaƙi yana idonku,
Aikin gyaran a fara da ku,
Albashi da kati, ba korar kowa.

Mai Ruwan Mile 12:
Malam, Allah ya ƙara sani. Dashe dai ana yi duk shekara, rainon ne ya yi ƙaranci. Ni da nake tura kura lungu-lungu ina gani.

Ran 14 ga Yuli a yi dashe,
Damina ta raine shi har ƙarshe,
Janairu na zuwa ya bushe,
Akuya ta cinye abin da ke tohowa.

A kurata goma ce jarka,
Biyu na ware saboda shuka,
Hukumar lambuna LASPARK ta ba mu iri mu ɗauka,
Mangwaro da darbejiya masu jurewa.

A kewaye kowanne da waya,
Da tsohuwar taya, saboda akuya,
Layi ɗaya, mai ruwa ɗaya,
Tun Disamba har ruwa ya fara zubowa.

Baban bola, tsofaffin tayoyi da waya a wajenku suke. Nawa za ka bar mana?

Baban Bola na Ojota:
Taya kyauta ce, ka turo yaro da kura ranar Lahadi. Waya kuwa ba tawa ba ce ni kaɗai, sai na yi magana da maigidana.